Na sayi libar Koriya ta ƙi shiga akwatina, in huda ne ko in haƙura?

Ɗan Kazuya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta abin da manya ke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai ga ni da tawa matsalar. Kuma tun farko in faɗi gaskiya, ni na jawo wa kaina.

Shekara uku ke nan ina buga Tekken, wasan faɗa na bidiyo, da akwati, wato na'urar wasa mai maɓallai da sandar sarrafawa da muke ce wa liba, tun muna kan Tekken 7 har aka koma na 8 da ya fito a Janairun 2024. Libar da ke cikin akwatin nawa Sanwa JLF ce, mai kan ƙwallo, da get ɗinta, wato farantin da ke iyakance motsin sanda, mai kusurwa huɗu kamar yadda ta zo. Ba ni da ƙorafi a kanta, a hannunta na koyi duk abin da na iya. Sai dai a cikin 'yan wasan Kazuya nake riƙewa, ɗan gidan Mishima, kuma duk mai riƙe ɗan gidan Mishima ya san inda gizo ke saƙa: gaba, saki, ƙasa, sannan ƙasa-gaba da naushin dama su faɗa a firem guda, wato ƙiftawar hoto ɗaya ta wasan, in ba haka ba naushin nan mai walƙiya da muke ce wa lantarki ba zai fito ba. Idan ina gefen hagu na allo, cikin goma ina samun shida ko bakwai. Da an juyar da ni dama kuwa sai ka rantse ban taɓa riƙe sanda ba, uku ma da ƙyar. Ja da baya irin na 'yan Koriya ma haka, in na yi sau uku a jere sai hannuna ya sarƙe.

To, ka san halin zuciya. Na ga kusan duk 'yan Koriyar da nake kallo da irin tasu libar suke wasa, mai kai kamar kulki, sai na ce ai shi ke nan, a nan maganin yake. Ban tambayi kowa ba, ban ɗauki rula na auna komai ba, na yi oda ta intanet. Ranar da ta iso na kwance akwati da murna, na cire JLF, na ɗora sabuwar. Ta ƙi shiga. Akwai wani wuya mai tsawo da ya fito a samanta, wanda ya kamata ya leƙo ta ramin farantin saman akwati, to ramin nawa milimita 24 ne, wuyan kuwa sai rami ya kai kusan 35 zai wuce. Ko da ma ya wuce, ramukan noti huɗun ba su zo daidai da na akwatin ba. Ga kuma waya: tawa tsohuwar soket ɗaya ne mai baki biyar ka soka ka huta, wannan kuwa kowane makunni, wato suwic ɗin da sanda ke dannawa, da ƙafafunsa na jona waya a waje.

Don kada in kwana da baƙin ciki, na samu wani guntun katako na huda shi, na ɗaure libar a jiki, na jona wayoyin da 'yan maƙalai na ɗora a cinya. Da farko ma sama ta zama ƙasa, hagu ta zama dama, Kazuya yana ta tsalle ina son ya durƙusa. Bayan na gyara sai na lura da abu biyu. Na ɗaya, tana da tauri sosai, minti ashirin wuyan hannuna ya fara tsami. Na biyu, wanda ya fi damuna, kusurwa tana kuɓuce mini. In na zagayo daga ƙasa zuwa gaba, sau da yawa wasan sai ya nuna ƙasa sannan gaba, babu ƙasa-gaba a tsakani, ko kuma ta ɗan gifta ta ɓace.

Shawara nake nema. In huda akwatin nawa ne, ko in nemi wata libar? Taurin nan haka yake ko ana rage shi? Kusurwar kuma laifin hannuna ne ko akwai abin da ake canzawa? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye injin hudan nan tukuna. Abin da ya same ka ya sami da yawa daga cikinmu, ni ma har yanzu akwai faranti ɗaya a ɗakina da na lalata saboda gaggawa, ina ajiye da shi don ya riƙa tuna mini.

Bari in fara da abin da ke cikin cikinta, don in ka gane shi sauran tambayoyinka za su amsa kansu. A JLF sifirin ne ke dawo da sanda tsakiya, sandar tana juyawa a kan wani ɗan ƙoƙo, sannan get ɗin da ke ƙasa shi ke tsayar da ita. Shi ya sa kake jin kusurwa da hannunka, sanda tana zuwa ta zauna a lungu. Libar Koriya ba ta da sifirin ɗin nan kuma ba ta da get. Wani faifan roba ne mai kauri aka ɗaure a cikin gidanta, ƙarfen sandar ya ratsa ta tsakiyarsa. In ka tura, robar ce ke lanƙwasa, in ka saki ita ke fizgo sandar ta dawo. Abin da ke tsayar da ita kuwa shi ne wuyan nan da ya hana ka barci, kuma da'ira ne, ba shi da lungu ko ɗaya. Robar tana ƙara tauri gwargwadon nisan da ka tura, saboda haka masu wasa da ita ba su cika kai ta bango ba. Suna tsayawa ne a daidai inda makunni ya ce ƙyas, su sake ta ta koma da kanta. A Tekken wannan sakin shi ne rabin aiki. Dubi jerin dabarun wasan, tauraron nan da ke tsakanin gaba da ƙasa ai cewa yake a bar sanda ta koma tsakiya. Wasan yana tafiya ne firem 60 a daƙiƙa, kowane firem bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka saurin dawowar sanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai Mishima.

Yanzu batun shiga akwati. Wadda ka saya mai dogon wuya ce, irin ta asali da ake sa wa a injinan gidajen wasa na Koriya, kamar Myoungshin Fanta da Taeyoung Fanta. Akwatin da aka yi dominsu, misali Omni na Etokki samfurin Koriya, yana zuwa da babban rami da wurin notinsu. Naka kuwa an yanka shi ne a kan ma'aunin Japan. Masu ƙera libobin sun daɗe da sanin wannan matsala, shi ya sa Samducksa, masu tambarin Crown, suke fitar da tasu iri-iri. In ka ga MJ a ƙarshen lamba, kamar 309MJ, gajeren wuya ne da farantin da ke hawa inda JLF take, ba ka huda komai ba. In ka ga FJ, farantin na Japan ne amma wuyan dogo ne, ramin 35 yana nan yana jiranka. Mutane da yawa a wannan harafi guda suke faɗawa. Kamfanin IST ma suna da nasu, har da wadda ke ɗauke da sunan Knee, shahararren ɗan wasan Tekken na Koriya, ga kuma Golden Lever da ake yi a Indonesiya, wadda kusan kowane ɓangare nata ana iya zaɓarsa. Kowacce za ka saya, abu uku za ka tambaya kafin kuɗi su fita: tsawon wuya, irin faranti, da faɗin gindinta, domin ƙafafun makunnan suna fitowa gefe, kuma akwai akwatunan da cikinsu ya matse har su tokare da wani abu.

Za ka ji wasu na cewa gajeren wuya ba Koriya ta gaskiya ba ce. Akwai bambanci, ban musa ba, inda ƙarfe ke dukan wuya ya sauka ƙasa kaɗan, jin bangon ya ɗan canza. Amma kai da ko mako guda ba ka yi da ita ba, wallahi da a rufe maka ido ba za ka bambance ba.

Tauri kuma lamba ce. Ana auna robar da ma'aunin da ake kira Shore A, wanda ke tashi daga 0 zuwa 100. Robar ɗaure takarda tana wajen 25, tayar mota tana wajen 60 zuwa 70, ka ga inda abin ya dosa. A libobi za ka fi cin karo da 25, 35, 45 da abin da ke tsakaninsu, kuma ST25 ko ST35 da kake gani a sunayen Crown wannan lambar ce. Wanda ya taso daga JLF, mai laushi kamar auduga, in ya faɗa kan 45 dole wuyan hannu ya yi kuka. Sai dai ka kiyaye abu biyu. Sabuwar roba tana da taurin kai, tana saki bayan an ɗan wahalar da ita, don haka kada ka yanke mata hukunci a daren farko. Sannan lambar wani kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wani a hannu ba, saboda kauri da irin robar sun bambanta, kuma siffarsu ma ba ɗaya ba ce, ta wannan gida ba ta cika shiga wancan ba.

Kusurwa ita ce inda nake so ka nutsu. Babu makunni na kusurwa a cikin kowace liba. Makunnai huɗu ne kawai, kusurwa tana fitowa ne idan biyu suka danne a lokaci guda. A ƙasan ƙarfen sandar akwai wani ɗan gwangwani na roba mai ƙarfi, ana ce masa akcuweta, ni dai maturi nake ce masa tunda aikinsa ke nan, tura harsunan makunnai. In maturin siriri ne, tazarar da ke tsakaninsa da makunnai tana da yawa: tsakiya ta yi faɗi, kusurwa ta yi ƙunci, sai ka zagaya da nisa kafin ya taɓa biyu tare. In mai kauri ne, kusurwa ta buɗe, tsakiya ta tsuke. Ana sayar da su da bambancin rabin milimita, 15 da 15.5 da 16 da 16.5, kuma wannan rabin milimitar da kake rainawa hannu yana jin sa sarai. Abin da ka kwatanta ya yi kama da mutumin da ya saba get mai kusurwa huɗu ta kai shi lungu, yanzu kuma ga roba mai tauri tana turo shi ciki, sai yake yanke hanya ta kusa da tsakiya. Rabi hannu ne, rabi kaya.

Makunnan su ma suna da nasu. Na Koriya masu dogon harshen ƙarfe ne, ba kamar na JLF da aka liƙa a kan allo ba. A da na Panasonic ake yayi, da aka daina yin su sai aka fi komawa Gersung, A2 mai sauƙin dannawa da A3 mai ɗan ƙarfi, wasu kuma Omron. Ƙarfin makunni yana haɗuwa da na roba wajen dawo da sanda. Amma wannan bar shi sai can gaba.

Abin da zan roƙe ka shi ne abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka yi mako da shi. In ka sauya roba da maturi da makunni a dare ɗaya, ko ta yi daɗi ko ta ɓaci ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Ka tuna yawancin sunayen da kake ji, su Knee da sauransu, a gidan wasa na Green da ke Seoul suka goge, wanda aka rufe a 2018. Libobin gidan an yi musu gyara irin nasu har mutane suna ƙoƙarin kwaikwayonsu a gida, amma mai zuwa can ba ya kwance inji ya sa robar da yake so. Abin da ya tarar shi yake bugawa, shekara da shekaru.

Mai Dalma ya amsa:

Yaya Tsohon Hannu ya gama magana, amma ni a batun huda ban bi shi ba gaba ɗaya. Na huda akwati biyu kuma duka suna nan lafiya. In farantinka ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, kuma kana da wurin da za ka yi sababbin ramukan noti, aikin yini ɗaya ne. Sai dai akwai ƙa'ida.

Kada ka ɗauko zarton da'ira ka ɗora a kan ramin 24 kai tsaye. Bakinsa na tsakiya ba shi da abin kamawa tunda wurin fanko ne, zai yi ta rawa ya karce maka faranti. Ko dai ka matse katako a ƙarƙashi ka fitar da tsakiyar ramin a jikinsa, ko ka yi amfani da bakin huda mai hawa-hawa, wanda ke faɗaɗa rami mataki-mataki. Ka cire farantin daga akwatin gaba ɗaya kafin ka fara. Garin ƙarfe in ya zuba a kan allon lantarki, ranar da za ka jona shi za ka ji ƙauri. Gilashin robar da ke sama kuma daban za ka huda shi, a hankali, in ka danna da ƙarfi tsagewa yake. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne ba a komawa baya: in ka mayar da JLF daga baya, sai ka nemi faifan rufe ƙura mai faɗi da zai ɓoye ramin. In kuwa akwatinka irin wanda aka yi wa wurin zaman liba da walda ne a ƙarƙashin faranti, to a nan na koma bayan Yaya, ka bar shi.

Batun waya kada ka yanke komai. Akwai 'yar wayar canji da ake sayarwa, gefe ɗaya ta karɓi soket ɗinka mai baki biyar, ɗaya gefen ta rabu zuwa bakuna masu faɗin .187 na inci, wato milimita 4.8. Ka lura, na maɓallai .110 ne, sun fi ƙanƙanta, ba za su shiga ba. Waya huɗu na ɓangarori ne, ta biyar kuwa ita ce ta giraun, wadda ke bi ta kan makunnan duka kamar sarƙa. In makunninka mai ƙafa uku ne, waɗanda aka rubuta wa COM da NO za ka jona, ka bar mai NC. Ka kuskura ka sa a NC, za ka ga mutuminka yana tafiya shi kaɗai, sai ka tura sanda ya tsaya.

Juyewar da ka gani kuwa ba aljanu ba ne. Sanda a tsakiyarta take lanƙwasa, in ka tura kai sama gindi ƙasa yake yi, don haka makunnin sama shi ne wanda ke ɓangaren cikinka.

Idan ka zo canza roba ko maturi, akwai ɗan kilif mai siffar E a ƙarshen ƙarfen. Yawancin na Koriya kan kulkin a manne yake da ƙarfen, ba a warware shi kamar ƙwallon JLF, sai ka cire kilif ka zare sandar ta sama. Ka rufe shi da tafin hannu ko ka sa libar cikin leda kafin ka ɓanɓare shi da sukundireba. Nawa na farko ya yi tsalle, har yau ban gan shi ba. Kuma kada ka shafa wa robar man inji ko wani mai da aka samo daga fetur, yana kumbura roba ya lalata ta.

'Yar Guile ta amsa:

Sannu Malam Ɗan Kazuya. Ni tambaya ɗaya zan yi maka: Tekken kaɗai kake bugawa? In kana taɓa Street Fighter kada ka yi saurin rabuwa da JLF ɗinka. Ni Guile nake riƙewa, rayuwata duka a ƙasa-baya take, ina zaune a lungu ina tara caji, wato riƙe sanda wuri ɗaya na ɗan lokaci kafin dabara ta fito. A get mai kusurwa huɗu sai in jingina sanda a lungun in manta da ita. Na yi wata biyu da libar Koriya, kullum ina kokawa da roba don kada ta zame ta koma baya zalla ko ƙasa zalla, caji ya zube ban sani ba. Akwai masu wuyan da aka ɗan yi wa kusurwa don irin wannan, sun taimaka, amma daga ƙarshe na koma inda na fito. Ba aibin libar ba ne, ba don irin wasana aka yi ta ba.

Sannan in ƙara a kan maganar Yaya, kada ka ji an ce roba mai laushi da maturi mai kauri ka haɗa su biyun ka ce ka gama. Kan kulki yana da nauyi. In ka ja baya ka saki da ƙarfi, roba mai laushi ba ta iya tsayar da shi a tsakiya nan take, yana wucewa ya leƙa ɗaya gefen. In maturin ya cika kusa da makunni, leƙen nan ya isa ya danna gaba. Kana son ka tsere sai ka ga ka miƙa fuska.

Riƙon ma ka duba. Yadda ake saƙale ƙwallo tsakanin yatsu ba haka ake yi wa kulki ba, yawanci babban yatsa ne ke turawa ta gefe ɗaya sauran yatsu su jawo ta ɗayan. Wataƙila tsamin da kake ji rabinsa daga nan ne. Kuma in ciwo ya wuce tsami ya koma zafi, ka ajiye ka huta.

Ba Sanda ya amsa:

Duk wannan wahala ta mece ce? Ku zo ku sayi akwati marar sanda, maɓalli huɗu sun maye gurbinta, babu roba babu kilif mai tsalle.

Mai Dalma ya amsa:

Malam Ba Sanda, an tambayi hanyar rafi kana nuna rijiya. Bar mu da robarmu.

Ɗan Kazuya ya dawo:

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya bar zumunci. Na yi shiru ne don ina so in dawo da labari ba da wata tambayar ba, ko da yake za ku ga ban tsira ba.

Na leƙa ƙarƙashin farantina kamar yadda Malam Mai Dalma ya ce, sai na tarar wurin zaman libar a walde yake. Nan maganar huda ta mutu. Na nemi mai gajeren wuya, wannan karon da rula a hannu, na auna zurfin akwatin da faɗin wurin har sau biyu. Na haɗo da wayar canji, da roba biyu, 25 da 35, da maturi biyu. Ta zauna daram, noti huɗu, ban yanke waya ko ɗaya ba. Mai dogon wuyan tana nan a jikin katakonta, na ma ƙara masa ƙafafu, wata rana zan gina mata gida nata.

Sai dai Yaya Tsohon Hannu ka yafe mini, ban ji maganarka ba a makon farko. Daren da kayan suka iso na sa 25 da maturi mafi kauri a tare. Minti goma na farko na ɗauka na gano sirrin duniya, kusurwa tana fitowa ko ban neme ta ba. Da na shiga wasa da mutane kuwa abin da 'Yar Guile ta faɗa shi ya faru harafi da harafi. Ina ja da baya, in saki, sai Kazuya ya ɗan taka gaba. Na buɗe wurin atisaye na kunna abin da ke nuna umarnin da aka danna, ga kibiyar gaba nan tana fitowa bayan kowace baya biyu, ni kuwa ban tura ta ba. Wani abin kuma, ƙasa zalla ta yi wuyar samu, ina son in durƙusa sai in sami ƙasa-gaba. Lantarkin ma ya lalace ta wata fuskar, saboda ƙasa-gaba tana shiga tun kafin yatsana ya kai kan maɓalli, naushin ya makara da firem ɗaya ko biyu, sai na gama-gari ya fito babu walƙiya.

Na kwance na koma 35 da maturin da ta zo da shi, na rantse ba zan taɓa noti ba sai na yi mako biyu. Kwana huɗun farko na sha kashi a hannun mutanen da nake cinyewa da JLF. Wajen kwana na goma robar ta saki, ko kuma hannuna ne ya saba, ban san wanne ba. Abin da na lura shi ne na daina neman bango. Ina jin ƙarar makunni, ƙyas na ƙasa, ƙyas na biyu in gaba ta shigo, sai na fara danna naushin a kan ƙara ta biyun maimakon in jira sanda ta tsaya. Riƙon ma na canza kamar yadda aka ce, tsamin ya tafi.

Bayan mako biyun na ƙara maturi da rabin milimita kawai, ban taɓa roba ba. A nan na tsaya. Lissafin da na yi jiya, sau hamsin kowane gefe: hagu 33, dama 24. Hagun kusan inda nake da JLF ne, ban ci riba ba ban faɗi ba. Daman ne ya motsa, kuma ban isa in rantse cewa libar ce ba, tunda a wata gudan nan na yi atisayen da ban yi a shekara ba. Ja da baya dai shi ne na ga canji a fili, ina yin biyar shida a jere hannu bai sarƙe ba, saboda sandar tana komawa tsakiya kafin in nema.

Kilif ɗin, Malam Mai Dalma, na sa a leda kamar yadda ka ce. Ya yi tsallen, ledar ta kama shi.

Ga tambayar da na ce ban tsira daga gare ta ba. Da sanyin safiya ina jin sandar ta fi tauri, sai na yi wasa biyu uku take dawowa daidai. Haka roba take ko tawa ce ke da matsala? Sannan makunnan da ke ciki masu sauƙin dannawa ne, ina ta kallon A3.

Tsohon Hannu ya amsa:

Haka take, roba tana ƙara tauri in ta yi sanyi, ta saki in ta ɗumama. Ka juya sandar da'ira sau ashirin kowane gefe kafin ka shiga wasa. A3 kuwa rufe shafin nan ƙanena. Ka kai dama 33 tukuna, sannan ka zo mu yi maganar makunni.